Gidan kallon unguwarmu da daren da Mark ya juya baya

Tun daren da aka nuna kashi na ƙarshe na zango na biyu na Severance a gidan kallon unguwarmu, mutum huɗu suka tare ni da tambaya iri ɗaya: wai wurin nan ya kai a baro gida da dare a biya kuɗi, ko hayaniya ce kawai? Sun tambaya ne saboda gardamar da aka yi a bakin ƙofa a daren, wadda sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Amsata ita ce ya kai, har ya wuce. Amma akwai abu ɗaya da aka yi a daren da bai bar raina ba, kuma ba zan tura kowa can ba sai na faɗe shi.

Wurin yana gefen Badariya nan Birnin Kebbi, kuma asalinsa gidan ƙwallo ne kamar sauran. Rumfar kwano ce, bango uku sun tsaya iya ƙugu an ƙarasa da zana don iska, bango ɗaya ne ya kai sama, shi mai gidan ya shafe da farin fenti. Ranar Juma'a da dare, da yake ba kasafai ake manyan wasanni ba, sai ya lulluɓe talabijin biyun na ƙwallo da zane, ya kunna majigi a farin bangon. Benci naira 300, kujerar roba a layi biyu na gaba naira 500, ajiyar babur naira 50. Ba a barin ƙananan yara, mai sigari kuma waje zai fita. Fanka huɗu ne, ɗaya ta mutu tun kafin hunturu ya wuce, kuma har yau tana rataye ba a taɓa ta ba. Wanda ya zauna a benci na kusurwar hagu ta baya zai san haka a jikinsa. A bakin ƙofa akwai mai shayi da wani yaro mai soyayyen kifi da yaji, kifinsa mai kyau ne in ka zo da wuri.

Duk wannan ana samunsa a ko'ina. Abin da ake biya a wurin nan shi ne mai fassara. Matashi ne da ya gama karatu a kwalejin fasaha ta garin nan, yana jiran aiki. Da rana yakan kalli kashin sau biyu shi kaɗai, ya cika littafin makaranta da rubutu, da dare kuma ya zauna a gefen majigi da makirufo da 'yar fitila a kan littafin, yana rage sautin fim ɗin da hannun hagu yana cusa Hausarsa a tsakanin maganganu. Na ga masu fassarar da ke maida kowane fim wasan barkwanci don a yi dariya a tashi. Wannan yaron yana girmama labari. In wuri na kuka ne, muryarsa takan sauka. In mutum ya yi ƙarya a fim, yakan fassara ƙaryar yadda aka yi ta, ba ya tona masa asiri kafin lokaci.

Ga wanda bai taɓa gani ba: shirin na Amurka ne, da ya fito a Apple TV+, Dan Erickson ya ƙirƙire shi, Ben Stiller ya ba da umarnin kashi da yawa a ciki har da wannan na ƙarshe. Zango na farko ya fito a 2022 da kashi 9, na biyu ya fara ranar 17 ga Janairun 2025 da kashi 10. Wani kamfani ne mai suna Lumon yake dasa wa ma'aikatansa ɗan ƙarfe a ƙwaƙwalwa, wanda ke raba tunanin mutum gida biyu. Da ka shiga lif ka sauka ƙasa, ka manta sunan uwarka da garinku da ko kana da aure. Da ka hau sama da yamma, ka manta duk abin da ka yi a wunin. Mai fassara ya raɗa musu suna tun daren farko, na ciki da na waje, kuma sunan ya kama unguwa. Yanzu in ka tambayi wani bashin da ya ci a wurin aiki, sai ya ce maka na ciki ne ya ci. Mark, wanda Adam Scott ke fitowa a matsayinsa, malamin tarihi ne a jami'a da ya yarda aka yi masa wannan aiki don ya samu awannin da ba zai tuna matarsa Gemma ba, wadda aka ce masa ta mutu a haɗarin mota. Ashe tana raye, tana ƙasan kamfanin, a hannunsu.

Ni a kamfanin casar shinkafa nake aiki, wajen tukunyar turara shanshera. Awa goma sha biyu ne duti. A bakin get kake ajiye waya a akwati, kuma in ka shiga ba ka sanin rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba sai ka ji kiran sallah daga nesa in injin ya lafa. In na fito, ƙaiƙayin buntu a wuya, nakan ji kamar wani mutum ne daban ya wuni a ciki, ni kuma nake zuwa karɓar albashinsa. Don haka ranar da ƙanena ya ja ni wurin nan, na ga Mark ya ajiye wayarsa da agogonsa a akwati ya shiga lif, sai na gyara zama. Tun daga ranar nake musayar duti da abokin aikina don Juma'a ta same ni a waje.

Yaron yana da kalmomin da suka zauna. Ɗakin da ake kai ma'aikaci ya yi ta maimaita neman gafara har sai na'ura ta yarda da gaske yake, ya kira shi ɗakin tuba. Sashen su Mark, masu zama gaban kwamfuta suna ware lambobi suna zubawa a akwatuna, ya kira su 'yan tsince, kamar mata masu tsince tsakuwa a shinkafa. Milchick, mai kula da su da murmushin da ba ya kaiwa ido, ya zama Sarkin Gida. Inda nake da ja da shi tun kafin daren ƙarshe shi ne wuraren da yake tsallakewa. Mai gidan ya kafa doka cewa duk inda aka shiga shimfiɗa a gudu da shi, kuma na yarda da dokar, akwai dattawa a wurin, akwai wa da ƙane a benci ɗaya. Sai dai a kashi na huɗu, inda aka kai su dajin ƙanƙara, abin da ya faru cikin tanti tsakanin Mark da matar da ya ɗauka Helly ce, abokiyar aikinsa da yake so, alhali ta wajenta ce, Helena 'yar masu kamfanin, shi ne tushen ciwon da ya biyo baya. Ya tsallake bai ce komai ba. Sai da aka yi mako biyu rabin gidan ba su gane me ke cin Helly ba. Jimla ɗaya mai kunya da ta wadatar.

Kashi na bakwai, wanda ya ba da labarin auren Mark da Gemma da ɓarin da ta yi da zaryarsu asibitin neman haihuwa, ya faɗo daren da aka ga watan azumi. Bayan asham ta farko aka nuna shi, kuma a nan mai gidan ya sanar cewa an rufe shirin sai bayan Sallah. Na ji daɗin wannan hukunci, ko da yake ya ja mana wahala, domin kashi na ƙarshe ya fita ranar Juma'a 21 ga Maris, goman ƙarshe ta kama, mu kuma ba mu gan shi ba sai Juma'a ta biyu bayan Sallah. Mako uku ke nan kana buɗe Facebook da TikTok da ido ɗaya a rufe. Mai gidan ya manna takarda a ƙofa cewa duk wanda ya riga ya gani a waya ya buɗe baki a ciki, za a mayar masa da kuɗinsa a raka shi waje. An raka mutum ɗaya, ina wurin.

Daren ƙarshen, tun kafin ƙarfe tara benci ya ƙare, aka aro tabarmi daga maƙwabta. Zafin Afrilu na garin nan ba sai an gaya wa kowa ba, kwanon rumfar yana ta sakin abin da ya sha da rana. Ba a yi minti goma da farawa ba aka ɗauke wuta, batirin sola kuma fanka sun riga sun tsotse shi tun magariba. Sai da aka ɗauki lokaci ana jan janareta cikin duhu, yaron mai gidan yana haska da waya, kafin ya tashi. Wannan sakaci ne. Mutumin da ya san gidansa zai cika irin wannan cika ya kamata ya gwada injinsa tun la'asar. Na faɗa masa haka a gabansa, ya karɓa.

Kuma wutar ta yanke ne a wurin da ya fi ko'ina nauyi. An kai Mark wani gidan katako na masu haihuwa, inda ɗan ƙarfen ke juyawa: in yana cikin ɗaki na ciki ne, in ya fita baranda na waje ne. Sai suka riƙa yi wa juna magana da kyamarar bidiyo ta hannu. Wannan ya ɗauki saƙo ya taka ƙofa, wancan ya farka ya kalla ya mayar da amsa. Mutum ɗaya, fuska ɗaya, riga ɗaya. A nan yaron nan ya nuna gwanintarsa. Ya ba na waje murya mai nauyi, ta mutumin da ya sha wuya kuma ya saba a saurare shi. Ya ba na ciki murya sama-sama, mai ɗoki, kamar ta ƙanen da yau ne karo na farko da yayansa ya kira shi shawara. Ko ka rufe ido ka san wa ke magana.

Na waje ya fara da ban haƙuri, ya ce ya ƙirƙire shi don ya tsere wa baƙin cikinsa. Daga nan ya zo da buƙata: ka taimake ni mu fitar da matata. Na ciki ya tambayi abin da duk mai hankali zai tambaya, to in kamfanin ya rushe, ni da abokaina fa? Aka ce masa za a haɗe su su koma mutum ɗaya. Ya ce kai kana da shekaru masu yawa a kanka, ni biyu gare ni, in an zuba kofi cikin randa wa zai ji ɗanɗanonsa? Kofi da randar na mai fassara ne, ba haka Turancin ya ce ba, amma ma'anar ba ta kauce ba, kuma gidan ya yi tsit. Sai na waje ya so ya nuna ya damu da yarinyar da na ciki ke so, ya kira sunanta ba daidai ba, ya ce Heleni. Wani a bayana ya ja tsaki ya ce, "Ko sunanta bai riƙe ba." Daga wannan tsakin na san gidan ya fara rabuwa.

Tsakiyar kashin gudu ne da tashin hankali, kuma a nan kowa ya samu abin da ya biya. Mark ya kammala fayil na 25, wanda ake kira Cold Harbor, bayan an gaya masa lambobin da yake tsincewa duk halayen matarsa ne, kowane fayil sabuwar ta ciki ake ƙera mata. Sarkin Gida ya shigo da 'yan badujala cikin ofis, ganguna da ƙahonni, yana rawa a gabansu. Helly ta fizge masa oba-oba ta kulle shi a ban ɗaki, abokin aikinsu Dylan ya dawo ya tokare ƙofar da injin sayar da kayan ƙwalama. Wata mata mai kiwon awakin kamfanin ta ƙi bari a kashe ɗan akuyarta, ta tumurmusa ƙaton jami'in kamfanin, mutanen benci suka miƙe tsaye suna tafi. Lasifikar gidan ce ta gaza a nan. Ɗaya ce, kuma ita ke ɗaukar fim da makirufo tare, da badujala ta tashi sai ta koma karkarwa, maganar mai fassara ta nutse. Lasifika ta biyu ba za ta karya mai gidan ba.

Daga nan aka shiga ɗakin ƙarshe. Duk sauran ɗakunan da ake kai Gemma na azaba ne: wani kujerar likitan haƙori, wani jirgin sama mai tangal-tangal, wani rubuta katunan godiya har hannu ya gaji. Wannan kuwa farin ɗaki ne, babu komai sai gadon jariri, aka ba ta sukundireba aka ce ta kwance shi. Suna so su gani ko akwai ciwon da zai iya tsallake katangar da suka gina mata a ƙwaƙwalwa. Ta durƙusa tana kwance shi a natse, fuskarta babu komai.

Kusa da ni akwai dattijon tela da muke kira Baba, wanda ba ya fashin Juma'a. Shekara uku ke nan da maiɗakinsa ta rasu, kuma unguwa ta san sun binne 'ya'ya biyu tun suna tsumma. Yana riƙe da kofin shayi. Na ga hannunsa ya fara rawa har shayin ya ɗiga a kan gwiwar wandonsa, bai kula ba. Ya ajiye kofin ƙarƙashin kujera a hankali, ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Da Mark, wanda a ƙasan nan ya koma na waje, ya shigo jina-jina, ya miƙa mata hannu, ita kuma ba ta san shi ba amma ta ba shi nata, suka taka ƙofa ta dawo hayyacinta ta gane mijinta, Baba ya ce "Alhamdu lillahi" a fili, kamar a gabansa aka yi. Mai fassara bai ce uffan ba a duk wannan wurin. Ya kashe makirufo. Na ce a raina yaron nan ya gama sanin aikinsa.

Minti kaɗan bayan haka ya rushe wannan da bakinsa. Sun hau lif, Mark ya koma na ciki, ita ma ta koma ta ciki, ya ja ta har ƙofar fita ta matakala, ya tura ta waje. Da ta tsallake ta koma Gemma, ta juyo tana buga gilashin ƙofar tana kiran mijinta. Shi kuwa yana tsaye a ciki. In ya taka wannan ƙofa, na waje ne zai farka, kuma babu wanda ya ba shi tabbacin za a sake kunna shi. Helly ta ɓullo a ƙarshen lungun. Ya dubi ƙofa, ya dubi Helly, ya juya. Suka kama hannu suka ruga cikin jan wuta da kukan jiniya, hoton ya daskare a kansu. Kafin ya daskare, mai fassara ya miƙe da makirufo a hannu ya ƙwala, "Ya ci amana! Wallahi ya ci amana!" Da Helly ta waiwaya ta kalli matar da ke bayan gilashi, sai ya sa mata magana a baki, wai ta ce "Na ci gari." Ba ta faɗi haka ba. Kallo ne kawai ta yi, kuma kallon ne mutane a duniya suka yi ta jayayya a kansa. Shi ya yanke mana hukunci kafin mu haɗiye miyau.

Abin da ya biyo baya a bakin mai shayi ya kai ƙarfe ɗaya na dare. Baba ne ya fara, muryarsa na rawa: "Matatai ta hwa! Shekara biyu tana ƙasa ana gana mata azaba, ta hito, shi kuma ya bi wata?" Magidanta da yawa suka bi bayansa. Wani ɗan acaba, yaro ne ƙarami, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma ba matatai ba ta. Wanga bai san ranar da anka ɗaura auren ba. Kuma ai ya hidda ta. Mi kuke so ya ƙara, ya kashe kainai?" Wani malamin Islamiyya da ke zuwa jefi-jefi ya kawo hadisin nan cewa an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke, ya ce shi dai yana ganin wanda aka shafe wa tunani ya fi kusa da waɗannan, amma kada kowa ya ce ya ba da fatawa a kan fim. Aka ce masa ai igiyar aure a kan jiki take, jikin kuma ɗaya ne. Wani daga baya ya ce a daina wahala, ya haɗa su biyu, uwargida da amarya, aka yi dariya banda Baba.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da Gemma ko Helly, su haushin shirin gaba ɗaya suke ji. Ƙanena yana cikinsu. Ya ce an ja mu kashi goma sha tara, har yau ba a faɗa mana dalla-dalla me kamfanin ke son yi da duniya ba, an ba mu badujala a madadin amsa. Ya tuna mana cewa kusan shekara uku aka yi tsakanin zango na farko da na biyu, har da yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 a tsakani, ya ce duk da an sanar da zango na uku, wa ya san wanda zai kai. Wasu biyu kuma suka dage cewa wadda ta ɓullo a lungun ba Helly ba ce, Helena ce ta sake yin shigar burtu, hujjarsu ita ce wancan kallon. Britt Lower, mai fitowa a matsayin, ta riga ta ce Helly ce. Amma ina za ka shawo kan mutumin da ya ji da kunnensa an ce "Na ci gari"?

Ni ina tare da ɗan acaba, kuma ba don ƙuruciya ba. Na ciki ya yi duk abin da aka roƙe shi. Ya sa wuyansa a hannun ƙato, ya sauka inda bai taɓa zuwa ba, ya kai matar wani har bakin ƙofa ya tabbatar ta fita. Abu ɗaya ya hana, ransa. Shekara biyu yana aikin da bai zaɓa ba, albashi na shiga aljihun wani, ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, kuma ranar farko da mai aljihun ya neme shi da magana, buƙata ce ta kawo shi. Na san wannan a wurin aikinmu. Akwai manyan da ba su san sunanka ba sai ranar da tukunya ta lalace da tsakar dare. Ban ce abin da ya yi ba ya ciwo ba. Na ce nasa ne ya yi, kuma shi ne karo na farko da ya taɓa zaɓar wani abu don kansa.

Haka na koma gida da hujjojina a jere. Maiɗakina ba ta taɓa ganin ko minti ɗaya na shirin ba, amma ta san shi kaf, domin duk Juma'a takan jira ni in ba ta labari tana ninke kayan yara. Na ba ta har ƙarshe, na ɗora da ra'ayina. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Abban yara, duk na ji. Yaron yana da gaskiyarsa. Amma kai tunda kake ba ka taɓa tsayawa a bayan ƙofa kana kiran mutum yana jin ka ya ƙi juyowa ba. Ita ba ta san wani na ciki ba. Fuskar mijinta ta gani." Ban sami abin ce mata ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban samu ba. Ra'ayina bai canza ba, amma ya daina yi mini daɗi a baki.

Maganarta ce ta sa na lura da babban gibin gidan nan: babu wurin mata. Duk gardamar da aka yi a kan abin da ya dace da Gemma, maza ne zalla suka yi ta. Ban ce a cakuɗa ba, garinmu ba zai ɗauka ba kuma ni ma ba zan so ba. Amma majigin yana zaune a banza duk safiyar Asabar, kuma mai gidan yana da ƙanne mata da za su iya tsaron ƙofa. Na kawo masa shawarar, ya ce zai duba.

Mai fassara kuwa na same shi washegari yana goge benci. Na ce masa, "Ƙanena, kashi goma sha tara kana riƙe mana fitila, jiya ka shiga gabanmu ka tare hoton." Bai yi musu ba. Ya ce ya kalli wurin sau biyu da rana bai ji komai ba, amma da ya ga Baba ya cire hula sai zuciyarsa ta tafi, bai san lokacin da ya miƙe ba. Na yarda da shi. Na roƙe shi abu ɗaya, ya sake nuna mintunan ƙarshe ba tare da makirufo ba ga duk mai so. Ya yi hakan ranar Lahadi bayan an tashi daga ƙwallo, kyauta, mu tara muka tsaya. Babu wanda ya yi magana. Da aka zo wurin waiwayen Helly, ya tsayar da hoton, muka matsa kusa da bango muna duban fuskarta. Ɗaya daga cikin masu cewa Helena ce ya ce shi yanzu tausayi yake gani. Ɗayan ya ce shi har gobe yana kan bakansa.

Mai son zuwa, Juma'a ce bayan isha'i, kuma an ce za a sake Severance daga kashi na ɗaya don waɗanda suka shigo a tsakiya. Ka zo kafin takwas da rabi in kana son kujera, ka guji kusurwar hagu ta baya, ka shafo maganin sauro a ƙafa. Baba ya ce shi ba zai sake kallon na ƙarshen ba, amma ya riga ya biya kuɗin kujerarsa ta makon farko.